Ciwon kai bayan dashen ƙoda: abin da muka tattaro

A zamanmu na masu jinyar 'yan dashe a Sakkwato, magana ta fi tsayawa kan sankarar limfoma ta ƙwaƙwalwa, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin garkuwar jiki. Ba ta da yawa, amma magungunan hana jiki ƙin ƙoda, irin su tacrolimus da mycophenolate, suna raunana garkuwa har ƙwayar cutar EBV (Epstein-Barr), mai iya haddasa wannan sankarar, ta samu kafa, sau da yawa bayan shekaru.

Wani likita ya ce idan mai dashe ya samu ciwon kai mai naci, farfaɗiya, ruɗewa ko mutuwar ɓarin jiki, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI, kada a tsaya cewa jifa ne. Tarin fuka ma idan ya shiga ƙwaƙwalwa yakan yi kama da wannan sankarar, shi ya sa ake ɗibar tsoka a gwada.

Abin da ya fi damuna: kada kowa ya rage maganinsa da kansa, jiki na iya ƙin ƙodar.