Neman kalma: "age discrimination" a rikicin ritayar matuƙan jirgin sama

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina da rahoton da za a karanta a labaran yamma, kan taƙaddamar shekarun da matuƙin jirgin fasinja zai ajiye aiki. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce shekara 65 idan matuƙa biyu ne a gaba, ita kuma IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, ta nemi a 2025 a kai shi 67. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne "age discrimination", sai kuma "mandatory retirement". Ƙarfe huɗu edita zai karɓa. A taimaka.

Tsohuwar 'yar jarida: Wa alaikumus salam. Wariyar shekaru. Muna da wariyar launin fata, muna da wariyar jinsi, kunne ya riga ya saba. Na biyun kuwa ritayar dole. Ki rubuta ki wuce.

Ɗalibin nahawu: Hajiya, wariyar shekaru ba za a ji kamar shekarun ake warewa ba? Ni da "nuna bambanci saboda shekaru" zan ce.

Tsohuwar 'yar jarida: To a wariyar launin fata launin ake warewa? Taka daidai ce, amma ka faɗe ta sau shida a rahoton minti biyu ka ga ko numfashinka zai kai.

Ɗan ƙwallo: Shekarun sauka fa? Tunda matuƙa ne.

Tsohuwar 'yar jarida: Kana cewa "saukar dole" a rediyo, duk mai ɗan'uwa a sama zai ɗauki waya.

Dattijon Hausa zalla: Duk kun bi hanya mai nisa. Na daɗe da ƙirƙirar kalmar nan, kuma ina amfani da ita a aji: WARIYAR FURFURA. Da jin ta ka ga mutumin. Kyaftin ne da ya shekara talatin yana tashi yana sauka lafiya, ranar da ya cika 65 a ce ya miƙa hula, alhali likita ya duba shi bai sami komai ba. Wanda ya sauke jirgi a kogin Hudson a Janairun 2009, Sullenberger, aka fita da mutum 155 da ransu, shekararsa 57 a lokacin. Da tsohuwar dokar Amurka ta ajiye tuƙi a shekara 60 na nan, saura masa shekara biyu da 'yan kwanaki a kore shi. Sannan wannan "ritaya" da kuke ta maimaitawa, ina kuka baro murabus?

Lauya mai karatu: Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da daɗi a baki, amma za ta jefa mai fassara cikin matsala. Furfura ta tsofaffi ce kaɗai. A Amurka za ta kusan dacewa, don dokarsu ta 1967 'yan shekara 40 zuwa sama kawai take karewa. A Tarayyar Turai kuwa dokar shekarar 2000 ta haɗa da yaro da babba, wanda aka hana aiki don ƙuruciya shi ma yana da bakin kai ƙara. Shi wace furfura aka ware masa?

Akwai abin da ya fi wannan damuna, kuma ya shafi har kalmar Hajiya. "Wariya" hukunci ce. Da ka faɗe ta ka riga ka ce an yi zalunci, alhali ainihin abin da ake jayayya a kai ke nan. Kotun Tarayyar Turai ta yi shari'a biyu da suka nuna haka. A 2011 matuƙa uku na kamfanin Lufthansa na Jamus sun ƙalubalanci yarjejeniyar kamfanin da ƙungiyar ma'aikata da ta ce a ajiye aiki a 60, kotu ta ba su gaskiya, domin dokar ƙasa da ta duniya sun yarda a yi tuƙi har 65. A 2017 wani matuƙin ya ƙalubalanci 65 ɗin kanta, kotu ta ce iyakar tana nan daram saboda tsaron lafiyar fasinja. Iyaka biyu ne, duk na shekaru, ɗaya ta faɗi ɗaya ta tsaya. In kika kira su duka wariya kin yanke abin da alƙalai ba su yanke ba. Shawarata: ƙa'idar ki kira ta "iyakar shekaru", ƙorafin kuma "zargin wariyar shekaru".

Mai fassara: Barista, wannan ta shige ni. Na gode.

Dattijon Hausa zalla: Iyakar shekaru ai mutuwa ce, yaro.

Ɗan ƙwallo: Baba ya ci wannan zagayen.

Lauya mai karatu: To "iyakar shekarun aiki", ranka ya daɗe.

Ɗalibin nahawu: Baba, a kan murabus ina da ja. Murabus mutum ne ke yi da kansa, ko a matsa masa ya yi, kamar minista ko basarake. Wanda shekaru suka cimma ya tafi ya fara karɓar fansho, ritaya kowa ke cewa. Ka ce matuƙa sun yi murabus, za a zaci fushi suka yi.

Dattijon Hausa zalla: Kowa ke cewa! Da haka harshe ke lalacewa. Ritaya, fansho, kyaftin, kwamiti. Nan gaba sai dai a nemi Hausa a gidan tarihi. Mu da muka yi karatun harshen nan ba a tambayarmu, sai wanda ya riƙe makirufo ya zama malami.

Tsohuwar 'yar jarida: Yallaɓai, kai ne ka fara rubuta "kyaftin" a sama, ka koma ka duba. Kuma ban taɓa jin ka yi faɗa da alƙali ko shari'a ko hukunci ba, su ma ai baƙi ne daga Larabci, zama kawai suka riga yi. Jirgin kansa na ruwa ne tun asali, mutane suka ɗaga shi sama ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Masu makirufon da ka raina su suka sa "wariyar launin fata" ta shiga kowane gida lokacin gwagwarmayar Afirka ta Kudu. Kalmomi nawa aka ƙirƙira a taron bita suka mutu a cikin takarda?

Dattijon Hausa zalla: Sun mutu ne don kun ƙi karanta su.

Ɗalibin nahawu: A yi haƙuri iyayenmu, baiwar Allah tana jira.

Lauya mai karatu: Ƙarin abu ɗaya, don kada rahoton ya fito kamar kamfanoni ne ke korar tsofaffi. FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ita ce ta kafa dokar 60 a 1959, ta zauna har Disamban 2007 da aka mayar da ita 65, shekara guda bayan ICAO ta yi nata sauyin. Da majalisar wakilai ta amince da 67 a 2023, babbar mai adawa ita ce ALPA, ƙungiyar matuƙan kansu. Kwamitin majalisar dattawa ya yi watsi da batun a Fabrairun 2024 da ƙuri'a 14 da 13. A aikin nan komai da layi yake tafiya: wanda ya riga shiga kamfani shi ke zaɓen babban jirgi da hanya mai tsoka, na baya ba ya hawa kujerar hagu, wato ta kyaftin, sai na gaba ya tashi. Ƙarin shekara biyu ga dattijo jinkirin shekara biyu ne ga mataimakinsa. Ga kuma hujjar da ALPA ta kafa, cewa ɗan 66 ba zai iya fita ƙasashen waje ba muddin ICAO na kan 65, dole a dawo da shi hanyoyin cikin gida ya ture wani. Japan ta kai nata 67 tun 2015 saboda ƙarancin matuƙa. Kin ga masu furfurar da masu baƙin gashin duk 'yan ƙungiya ɗaya ne.

Mai fassara: Lokaci ya kama ni. Ga yadda na rubuta: "iyakar shekarun aiki" ga ƙa'idar, "ritayar dole" kamar yadda Hajiya ta ce, a farkon ambato "zargin nuna bambanci saboda shekaru", daga nan kuma "wariyar shekaru". Baba, furfura ta shiga sau ɗaya, a wajen da nake bayanin tsofaffin matuƙan da ke neman a ƙara. Allah ya saka wa kowa.

Dattijon Hausa zalla: Sau ɗaya. To, Allah ya amfana. Amma ritaya dai ban yafe ba, kuma a ajina wariyar furfura za a ci gaba da rubutawa.

Ɗalibin nahawu: Barista, wannan tsarin layin da ka ambata, "seniority", me za mu kira shi? Fifikon daɗewa?

Tsohuwar 'yar jarida: Rigaye.

Dattijon Hausa zalla: Wannan ma ina da kalmarsa. Bari in nemo littafina.