Haɗin bututu na ruɓewa a bakin teku: sitenles 316 zai magance?

Ɗan Kwangila, Apapa

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da masu aikin famfo, ina neman shawara. Akwai layi a wata matsayar jiragen ruwa da ke jawo ruwan teku zuwa injin sanyaya da wankin daɓe. Bututun GI ne, wato baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, inci 2, bawul-bawul na biras, nipul kuma, wato gajerun bututun haɗi, wasu na sitenles 304. Ba a yi shekara ba ya fara yoyo, kuma duk yoyon a tiredin bututun ne, wato haƙoran murɗawa na bakinsa, daidai inda ya shiga bawul. Bawul biyu sun yi jaja-jaja, da aka sa sifana sai wuyan ɗaya ya ɓalle. Notunan filanja (faifan bakin bututu da ake haɗawa da noti) na ƙarƙashin daɓe sun ci tsatsa har ba sa kwancuwa. Mai wurin na so a sake layin duka da sitenles 316. Hakan zai yi, ko akwai abin da ya fi?

Injiniyan Jirgi

Wa alaikumus salam. Malam, a dakata da sayen 316 tukuna. Cuta uku ce daban-daban a layin nan, kuma 316 zai iya kawo ta huɗu.

Yoyon tiredi daga haɗa ƙarfe iri-iri ne. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, don haka yana kai wutar lantarki sosai. Idan ƙarfe biyu mabambanta suka taɓa juna a cikinsa, sun zama batir: ɗaya na narkewa, ɗayan na hutawa. Jerin daga mai saurin narkewa shi ne maganiziyam, tutiya, alminiyum, baƙin ƙarfe, sai biras, jan ƙarfe, buronz, sannan sitenles. Bututunku baƙin ƙarfe ne da rufin tutiya, kun ɗaura masa biras da sitenles, duk suna cinsa. Tiredi kuma shi ne wuri mafi rauni, domin lokacin yanka shi an kankare tutiyar, an kuma rage kaurin bangon sosai. A lura da girma ma: ƙaramin ƙarfe mai narkewa a jikin babban ƙarfe mai hutawa yana ƙarewa da wuri. Shi ya sa nipul ɗin baƙin ƙarfe a jikin babban bawul na buronz ba ya daɗewa.

Jan da bawul ya yi alama ce cewa tutiyar cikin biras ta zube, an bar jan ƙarfe mai ramuka. Siffarsa na nan, ƙarfinsa ya tafi. Biras ɗin da tutiyarsa ta haura kashi 15 cikin 100 yana fuskantar wannan, na kasuwa kuwa yakan kai kashi 40. A nemi bawul na buronz, ko aƙalla biras mai hatimin DZR ko CR a jiki, alamar cewa yana jure zubewar tutiya. Launi ba ya bambance wannan biras da na kasuwa a shago, sai hatimi da takardar kaya.

Batun 316: yana da molibdinam kashi 2 zuwa 3, ya fi 304 nesa ba kusa ba a iskar teku. Amma sitenles na dogara ne da wata siririyar fata da iskar oksijin ke gina masa. A cikin tiredi, ƙarƙashin gaskit, ko inda laka ta kwanta, oksijin na ƙarewa, gishiri ya taru, fatar ta fashe, rami ya fara nutsawa ciki alhali waje na ƙyalli. Ruwa mai ɗumi da ke tsayawa idan an kashe famfo shi ne mafi muni, kuma yanayin Legas ke nan. Akwai ma'aunin juriyar sitenles ga irin wannan rami da ake kira PREN: 316 na wajen 24, sitenles dufleks 2205 na wajen 35, ruwan teku kuwa ana neman 40 zuwa sama, wato irin 2507, wanda tsadarsa ba ta dace da layin wanki ba.

A ganina layin da ba shi da zafi ko matsi mai yawa a yi shi da baƙar robar HDPE. Ɓangaren cikin ɗakin inji, inda ake tsoron gobara, a sa gamin jan ƙarfe da nikel 90/10, amma gudun ruwa kada ya wuce kusan mita 3 a daƙiƙa, a ƙananan bututu ma ƙasa da haka, in ba haka ba zai zaizaye elbo. Kuma ba ya son ruwan tashar jirgi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, musamman yana sabo.

Mai Fenti, Fatakwal

Injiniya ya gama da ciki, bari in taɓa waje. Ƙarƙashin daɓe, inda igiyar ruwa ke fantsama ta bushe ta sake jiƙawa, ya fi ko'ina cin ƙarfe, har ya fi wanda ke nutse kullum. Rufin da ake yi ta tsoma ƙarfe a narkakkiyar tutiya yakan kai kaurin mikron 70 zuwa 85 (mikron dubu ne milimita ɗaya), a iskar bakin teku kuma yana iya rasa mikron 4 zuwa 8 a shekara, a wurin fantsama fiye da haka. Notunan kasuwa masu ƙyalli ba ma wannan rufin ne da su ba, nasu bai fi 'yan mikron ba.

Fenti na faɗuwa ne tun daga shiri. A fara wanke ƙarfen da ruwan daɗi mai matsi kafin feshin yashi, domin feshi ba ya cire gishiri, tura shi yake cikin ramuka, daga baya fenti ya kumbura. A fesa har matakin tsafta na Sa 2½, wato ƙarfen ya kusa fita tas, a shafa shafin farko a ranar. Kada a yi fenti idan laimar iska ta haura kashi 85, ko idan zafin ƙarfen bai ɗara ma'aunin raɓa, wato zafin da raɓa ke fara sauka, da digiri 3 ba. Shafin farko efoksi mai tutiya, mikron 60 zuwa 80, sai efoksi mai kauri, sai foliyuretan a sama saboda rana na mayar da efoksi gari. Jimilla a kai mikron 300 ko kusa. Gefuna, walda da kan noti a bi su da buroshi daban kafin kowane shafi, nan ne fenti ke sirancewa.

Filanja da bawul masu lungu-lungu kuwa, tef mai maiƙo irin na Denso ya fi fenti. A goge tsatsa, a shafa man farko, a cike lunguna da ƙullun sa har wurin ya yi sumul, a naɗe kowane zagaye na hawa rabin na baya da ɗan ƙari, a rufe da tef na waje. Ranar gyara a yanke, noti ya kwance lafiya.

A duba inda bututu ya kwanta kan madogara. Ruwa na maƙalewa nan. Kada a sa tsumman roba, yana riƙe danshi. A sa sandar roba mai tauri mai rabin da'ira, bututun ya hau kanta a layi ɗaya.

Malamar Kimiyyar Ƙarafa

Ƙari kan maganar Injiniya. Inda dole ƙarfe biyu su haɗu, kamar bakin famfo, a raba su: gaskit marar kai wuta, hannun riga na roba a kowane noti, da washa ta roba ƙarƙashin ta ƙarfe. Bayan ɗauri, kafin a saki ruwa, a auna tsakanin filanjojin biyu da mitar lantarki. Idan ta nuna haɗi, an yi aikin banza. Sau da yawa madogara ko wayar ƙasa ce ke sake haɗa su ta baya. Tef ɗin tiredi ba ya raba komai, haƙoran na yanka shi. Gaskit mai garafayit kuma a guje shi a ruwan teku, yana cin kusan duk ƙarfen da ya taɓa. Idan gefe ɗaya kawai za a iya yi wa fenti, a shafa wa mai hutawa. Shafa wa mai narkewa kaɗai na tara duk cin a ɗan wurin da fenti ya ƙwarzane.

Ƙarfen da ke nutse a ruwa, kamar matatar bakin bututu da ginshiƙai, a ɗaura masa anod, wato dunƙulen ƙarfen da ke narkewa a madadinsa. Tutiya ta ruwan teku ce, maganiziyam ta ruwan daɗi. Ruwan Apapa gauraye ne, gishirinsa na raguwa da damina, don haka anod na alminiyum ya fi dacewa. Ya taɓa tsiraicin ƙarfe, ba a masa fenti, a canza idan ya ci rabi. Awon kariya shi ne -0.80 bolt ko abin da ya fi haka nisa ƙasa da sifili, da ma'aunin azurfa na Ag/AgCl. Anod ba ya kare abin da ke sama da ruwa, a cikin bututu ma tasirinsa ba ya nisa.

Ɗan Kwangila, Apapa

Allah ya saka da alheri. In mun koma HDPE, yaya za a haɗa shi da famfo da bawul?

Injiniyan Jirgi

A ɗauki HDPE ajin PE100 mai milimita 63, shi ne madadin inci 2. A haɗa da injin narkarwa, kada a yanka masa tiredi. A bakin famfo a narka masa kan filanja na roba da zoben baya mai rufi, gaskit na robar EPDM. Bawul a sa mai faifai, cikinsa shimfiɗe da roba, faifan na buronz mai alminiyum, ta yadda ruwa ba zai taɓa gangar jikinsa ba. Madogara a matso da su, kusan kowace mita ɗaya ko ƙasa, bawul kuma a ba shi tasa don nauyinsa kada ya rataya a roba. HDPE na miƙewa kusan milimita 0.2 a kowace mita kan kowane digiri: layin mita 30 da zafinsa ya canza da digiri 20 zai motsa santimita 12. A bar masa lanƙwasa ɗaya ko biyu, maƙalai kuma su zama masu barinsa ya zame. Notunan filanja a sake ɗaure su washegari, domin roba na ɗan saki bayan ɗaurin farko.