Ruwan cikin Baba sai dawowa yake, albumin na aiki kuwa?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ne likita ya ce hantarsa ta ƙanƙance, sirosis, sanadin hepatitis B da ba a gano da wuri ba. Sau uku kenan ana zuƙe masa ruwa a ciki, na ƙarshe lita 6 aka cire amma ko sati uku ba a rufa ba cikin ya sake cika har wandonsa ba ya ɗauruwa, ga ƙafa ta kumbura in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Yanzu an ce a dinga sa masa albumin (furotin ɗin jini da ake sawa ta jijiya), da gaske yana aiki ko dai wahalar banza ce? Kuma kwana biyun nan da rana yake bacci da dare ido biyu, jiya ma da sunan marigayiya yayarsa ya dinga kirana.

Nas_Mai_Dare: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wlh maganar baccin nan ta fi ɗaga min hankali a kan ruwan. In hanta ta gaza tace jini, guba irin su ammoniya sai ta hau ƙwaƙwalwa, farkonta kenan juyewar bacci da rikicewa. Ki ce ya miƙe hannayensa ya ɗaga tafin sama, in kin ga suna faɗuwa suna tashi kamar fiffike to ku tafi asibiti yau, kar a jira ranar kilinik. Lactulose, maganin sassauta bayan gida, ake bayarwa har ya dinga bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, wani lokacin a haɗa da rifaximin, maganin kashe ƙwayoyin cuta na hanji. A duba kuma ko ƙwayar cuta ta shiga ruwan cikin ko jini na zuba a ciki, don su ne kan tayar da wannan rikicewar.

Dalibin_Likita: Batun albumin kashi biyu ne. In an zuƙe sama da lita 5 babu gardama, ana sa kusan giram 8 a kan kowace lita don kare ƙoda. Inda ake ja-in-ja shi ne bayarwa duk sati. Binciken ANSWER na Italiya a 2018 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na masu karɓa sun kai wata 18 da rai, waɗanda ba su karɓa ba kashi 66. Sai ATTIRE na Birtaniya a 2021 ya gwada bayarwa kullum a kan waɗanda ke kwance a asibiti, bai ga wani amfani ba, ruwa a huhu ma ya fi yawa. To ki tambayi likitan wanne daga ciki yake nufi.

Abu_Sadik: Allah ya sa kaffara ne. Ni dai gargaɗi ɗaya, kar a kuskura a ba shi magungunan ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen, kawuna ciwon gwiwa ya sa ya sha na kwana huɗu, fitsari ya ɗauke, sai aman jini cikin dare. Kuma in Baba yana shan tenofovir, maganin hepatitis B, kar ya daina ko ya ji sauƙi.

Ummu_Hanan: Na gwada hannun yanzun nan, yana yi kuwa. Yayana ya je fito da mota.