Neman shawara: bibiliyogarafi na neman haukata ni, saura sati uku in ajiye memwar

Ɗalibar Garwa:
Slm 'yan uwa barkanmu da war haka. Don Allah masu sani ku agaza min kaina ya kulle. Ina mastar 2 fannin tarihi, memwar ɗina a kan fataken goro Hausawa ne da suke bin hanyar Banyo zuwa Garwa, daga zuwan Jamusawa har samun 'yancin kai a 1960. Na rubuta shafi 118, bayanan ƙasan shafi sun haura 300, littattafai da maƙaloli da tsofaffin memwar wajen 140, kuma duka da hannu na buga su ɗaya bayan ɗaya. Jiya malamin da yake duba min aikin ya dawo min da shi jawur da biro. Wani wuri na sa shekara bayan sunan marubuci wani wuri na kai ta ƙarshe, akwai littattafai shida da na ambata a ciki amma babu su a jerin ƙarshe, sannan abin da ya fi ƙona min rai, na ɗauko wani sashe daga babi na uku na mai da shi babi na farko, ashe duk ibid ɗin da ke ciki (alamar nan mai nufin littafin da aka ambata yanzu a sama) sun koma suna nuna littafin da ba shi ba, ni ko lura ban yi ba. Wata ƙawata ta ce in sa manhajar tsara bibiliyogarafi mai suna Zotero wata ta ce Mendeley. To wanne ne? kuma lokaci bai ƙure min ba? Yana aiki in babu rezo, don unguwarmu sai a wuni babu wuta. Sannan ina da hira da dattawa 23 da takardun arshif na Yawunde, su ma yana karɓa? Allah ya saka da alheri.

Mai Sibar Marwa:
Wslm ƙanwata. Zotero kawai. Kyauta ne, ki sauke shi sau ɗaya yana zaune a kwamfutarki ko babu intanet yana aiki. Amma tambaya ɗaya, da me kike rubutu? In Word ne ko LibreOffice lafiya lau, in WPS ne kamar yadda rabin ɗaliban da ke zuwa shagona suke yi to sai kin koma Word tukuna don ba ya haɗuwa da shi kai tsaye.

Ɗalibar Garwa:
Word ne Yaya, na 2016.

Malamin Lise Kuseri:
'Yar uwa ni dai shawarata ki bar wannan maganar sai bayan sutunans, wato kare memwar a gaban juri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sati uku ne fa, ki koyi sabon abu, ki shigar da littafi 140, ki sake bin bayani 300 ɗaya-ɗaya, in wani abu ya lalace ana jibi za ki ajiye wa za ki kama? Mu da hannu muka yi namu kuma juri ba su cinye mu ba. Ki samu ƙanwarki ta riƙe miki jerin tana karantawa kina dubawa, kwana biyu kin gama.

Yayarku ta Dang:
Malam da girmanka amma ban yarda ba, kuma ni ma da haka na yi tunani sai da ya ci ni. Ko da hannu za ta gyara ai dole ta bi bayanan nan 300 ɗaya-ɗaya saboda ibid ɗin da suka rikice, to tunda bin dole ne gara ta bi su sau ɗaya ta huta. Kuma kar mu manta bayan sutunans juri za su ba ta gyara, za ta sake matsar da sassa, ibid ya sake rikicewa. Na'urar ita take lissafa ibid da kanta, duk inda ka kai sakin layi sai ka danna Refresh ta duba abin da ya gabace shi ta gyara.

Ƙanwata ga yadda za ki yi. Abu uku ne: shi Zotero ɗin kansa, da ɗan maɓallin da ake liƙa wa Chrome ko Firefox, da shafin da zai fito miki a saman Word, shi wannan da kansa yake shiga lokacin da kike sa shi. Ki ware wuni guda inda akwai rezo mai kyau. Duk maƙalar da take rumbunan intanet irin su Persée ko Cairn ko OpenEdition ko JSTOR ki buɗe shafinta ki danna maɓallin nan, suna da shekara da mujalla da lambar shafi duk su shigo. Littafi kuma akwai wata 'yar sanda a sama mai kama da ta masu rufa ido, ki danna ki buga ISBN ɗin da ke bayan littafin, in maƙala ce DOI, wato lambar shaidarta ta intanet. Inda za ki sha wuya su ne tsofaffin abubuwa, littattafan da aka buga kafin wajen 1970 ba su da ISBN, memwar ɗin ɗalibai da kika yi fotokofi a laburare ba su da komai, haka rahotannin ORSTOM, tsohuwar cibiyar bincike ta Faransa, da ake saukewa daga rumbun magajiyarta IRD, da yawansu hoton takarda ne kawai na'ura ba ta iya karanta sunan daga ciki. Waɗannan da hannu za ki cike, amma sau ɗaya ne har abada, in kin je doktora suna nan suna jiranki. Ni 200 da 'yan kai na shigar cikin kwana huɗu ga goyo.

Amma ki ji wannan da kyau: duk abin da ya shigo ki duba shi da idonki kafin ki wuce. Musamman na Google Scholar, sau da yawa babu garin da aka buga, ko suna ya zo da manyan baƙaƙe duka, ko babin littafi ya shigo a matsayin maƙalar mujalla. Abin da kika zuba masa shi zai amayar miki.

Ɗan Pitoa:
To ni Mendeley nake amfani da shi kuma ban ga laifinsa ba, 2 GB yake ba ka kyauta, Zotero kuwa 300 MB kacal, PDF nawa ne zai cika shi.

Mai Sibar Marwa:
Ɗan Pitoa wancan 300 MB ɗin na PDF ne kawai in kana son ajiye su a intanet. Su bayanan littattafan ba su da iyaka, ka kashe tura fayil ka bar PDF a kwamfutarka shi kenan. Mendeley kuma tunda Elsevier suka saye shi a 2013 abubuwa sun yi ta canzawa, tsohon na kwamfuta sun daina ba da shi a 2022, sabon kuma sai ka buɗe asusu ka shiga. Ga mai likitanci ko kimiyya da ke sa suna da shekara cikin baka ba matsala. Ita kuwa tarihi take yi da bayanin ƙasan shafi, shi kuma Zotero asalinsa ma masana tarihi ne suka ƙirƙiro shi a jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, don irin aikinta aka yi shi.

Injiniya Injamena:
Duk ku bar wahala ku bar Word ku koma tsarin rubutu na LaTeX da BibTeX.

Yayarku ta Dang:
Injiniya ana ga yaƙi kana ga ƙura 😂 yarinya na da sati uku kana mata maganar LaTeX.

Ɗalibar Garwa:
Na sauke na sa, na shigar da guda 30 yanzu. Amma ga matsala, da na gwada sai yake fito min da and a tsakanin sunaye maimakon et, kuma taken littattafan Faransanci yana mai da farkon kowace kalma babban baƙi. Sannan sunayen mutanenmu yana juya su yadda ya ga dama.

Modibbo mai Tez:
Duka ukun suna da magani 'yata. Na farko, a cikin Word ki shiga Document Preferences ki canza harshe zuwa Faransanci, et zai dawo har da alamun zance irin na Faransa. Ki kuma nemo salon da ya dace, akwai dubbai a rumbunsu, ki buga ISO-690 ki zaɓi na Faransanci mai bayanin ƙasan shafi, ko wanda ake ce wa Le tapuscrit na makarantar EHESS ta Faris. Ki fitar da shafi ɗaya da kowanne ki kai wa malaminki ya zaɓa da bakinsa, kar ki yanke masa. Ki sani masu salon Chicago tun bugu na 17 a 2017 sun daina ƙarfafa ibid, to in sashenku na son ibid kar ki ɗauki na kusa da hannu ba ki duba ba.

Na biyu, kowane littafi yana da gurbin harshe a ƙasa, ki sa fr in na Faransanci ne, ha in na Hausa ne, in kin bar shi fanko a salon Ingilishi ɗauka yake yi Ingilishi ne.

Na uku shi ne mai wuyar, kuma ba laifin na'ura ba ne, ita an gina ta a kan mutum yana da sunan gida da sunan yanka, mu kuwa sunanka da na mahaifinka ne, a takardun Kamaru kuma sai a fara da wanda aka ga dama. Ki duba Farfesa Saïbou Issa, a wani littafi za ki same shi a ƙarƙashin S a wani a ƙarƙashin I. In kin jawo ayyukansa daga wurare biyu za su shigo iri biyu, jerinki ya raba mutum ɗaya gida biyu, kuma wannan irin abin ne ɗan juri mai neman magana yake fara gani. A gefen gurbin suna akwai ɗan maɓallin da ke haɗe gurbi biyun su zama ɗaya, ki yi amfani da shi ki rubuta sunan cikakke yadda yake a bangon littafi, ba zai ƙara juya shi ba. Haka za ki yi wa sunan ma'aikata ko hukuma. Ki zaɓi hanya ɗaya ga kowane mutum ki tsaya a kanta. Ƙ da ɗ da ɓ kuma yana karɓarsu, sai dai ki leƙa inda ya jera su.

Malamin Lise Kuseri:
To Modibbo ya za ta yi da dattawanta 23? A nan nake jiranku. Kuma jerin namu ai kashi-kashi ne, majiyar baka daban, arshif daban, littattafai, maƙaloli, tez da memwar. Shi kuma na ji an ce jeri ɗaya yake zubowa daga A zuwa Z.

Modibbo mai Tez:
Gaskiyarka Malam, nan kam yana da rauni. Akwai nau'in hira a ciki da nau'in rubutun hannu, don bayanin ƙasan shafi sun wadatar. Amma teburin nan da ake so na majiyar baka, suna, shekaru, sana'a, wuri da ranar hira, ta yi abinta da hannu a Word, ba abin da zai rikice a ciki. Arshif ma haka, lambar akwati da ta fayil ta kwafe su daidai yadda suke a takardarta. Sauran kuma ta buɗe jaka-jaka a cikin Zotero, ta littattafai, ta maƙaloli, ta tez, ta danna dama a kan kowace ta ce ya haɗa mata bibiliyogarafi ta liƙa ƙarƙashin kanun da ya dace. Illarsa wannan liƙaƙƙen ba ya sabunta kansa, saboda haka shi ne aikin ƙarshe. Dabarar da nake yi, ina barin jerin da yake yi da kansa a shafin ƙarshe don in ƙirga, in ya ce 140 nawa kashi-kashin ya ba da 137 na san uku sun ɓuya, in na gama sai in share shi.

Maman Biyu Yagoua:
Ni tsoratarwa na zo yi. Bara kwamfutata ta mutu ana saura kwana tara, wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, komai nawa yana ciki ban buɗe asusu ba ban kwafa ba, na yi kuka kamar an min mutuwa. Ki buɗe asusun nan yau, kuma akwai jaka mai suna Zotero a kwamfutarki, ki rufe shi tukuna ki kwafe ta gaba ɗaya a kile USB duk dare. Kar ki ɗauki jakar ki zaunar da ita cikin Google Drive ko Dropbox tana aiki daga can, lalacewa take yi. Sannan ranar da za ki tura wa malam ko ki kai sibar a buga, ki yi kwafi na biyu ki danna Unlink Citations a kansa shi kaɗai, na asalin ki ɓoye shi, don in kin tsinke ba ya komawa.

Ɗan Pitoa:
Kuma kar ki ce AI ya cike miki waɗanda suka ɓata, wani abokina ya yi, ya ba shi maƙala da mujalla da lambar shafi tsaf, ashe babu ita a duniya, a gaban juri aka tambaye shi inda ya karanta ta.

Ɗalibar Garwa:
Useko jama'a Allah ya bar zumunci, na dawo da rahoto. Kwana biyar yau, na shigar da 126, ashe ma ba su kai 140 ba, da na buɗe wurin Doublons mai nuna maimaitattu na tarar wasu sau biyu na rubuta su da shekara daban-daban. Babi na farko da na biyu sun koma kan na'ura, malam ya zaɓi ISO-690 amma ya ce sunan gida ya zama da manyan baƙaƙe, na duba ai haka yake fitowa. Malam na Kuseri ban ƙi taka ba, teburin dattawa ni da ƙanwata muka yi shi da hannu daren jiya da fitilar waya. Saura guda huɗu da suka gagare ni, fotokofi ne da na yi tun ina lisans, tsakiyar littafin kawai na ɗauka babu bango babu shekara, ɗaya ma ko sunan marubucin babu sai wani abu da na rubuta da fensir a gefe da ni kaina na kasa karantawa. Akwai wanda yake Dang, jami'ar Ngaoundéré, da zai iya leƙa min laburare in na turo hoton shafukan?

Yayarku ta Dang:
Turo min ta inbox, Litinin ina da aji ƙarfe goma zan biya. In ba a samu ba cire su za ki yi da duk jimlar da ta dogara da su.