Taliya ko Doka: Musaya a Kan Ɗan Majalisarmu

Mai Shayin Bakin Tasha:

Salamu alaikum. Yau da safe an yi ta gardama a teburina kan ɗan majalisarmu na jiha, har shayin wasu ya huce a kofi. Na ce bari in kawo ƙarar gaban masu alƙalami.

Da sunan Allah zan fara batu,
Wanda bai bar bawa ya taɓe ba.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Wanda bai karya alkawari ba.

Honarabul namu nake cigiya,
Tun ranar zaɓe ban gan shi ba.

Ya zauna benci ya sha na madara,
Ya ce ba zai manta da mu ba.

Taliya ya raba mana ƙulli biyu,
Da sabulun da bai yi kumfa ba.

Na bi layi na dangwala masa,
Tawadar ma ba ta goge ba,

Sai ga baƙin gilashi ya ɗaga,
Lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Kwatar unguwa ta toshe tun bara,
Ruwan Agusta bai bar mu mun runtsa ba.

Uwargida ta haihu an yi suna,
Ko goro bai aiko mana ba.

To ku gaya mini, ku 'yan boko,
Aikin me yake da ban sani ba?

Yaron Gidan Honarabul:

Wa alaikumus salam. Yaya, ka taɓa maigidana, dole in tanka.

Yaya mai shayi sannu da aiki,
Ƙararka ba ta faɗi ƙasa ba.

Ni ne ke riƙe wayar maigida,
Ba ta minti guda ba ta yi ƙara ba.

Kafin a sallame sallar asuba,
Layi ya kai inda ba ka zata ba.

Wannan da takardar asibiti,
Wancan hayar gida bai biya ba.

Wata ɗanta zai zana NECO,
Kuɗin rajista ba su cika ba.

Wani tayar babur, wani ragon suna,
Wani bai san me ya zo nema ba.

Burtsatse mun haƙa a ƙauye,
Kai ne dai ba ka je ka gani ba.

Shi ɗaya ne, ku kuwa dubbai,
Allah bai ba shi hannu goma ba.

Baba Tsohon Akawu:

'Ya'yana, na karanta ku duka biyun. Na daɗe ina ɗaukar fayil a sakatariyar Audu Bako, inda majalisar Kano take zama, kafin gwiwa ta ce in koma gida. Zan sauya amsa-amo, ku yi mini uzuri, tsoho ba ya bin sawun yara.

'Ya'yana kun bar jaki a tsaye,
Taiki kuke ta faman duka.

Ba don suna da biki aka tura shi ba,
An tura shi ne ya tsara doka.

Tsarin mulki na 1999,
Buɗe shi ka duba, ba shakka.

Sashe na 91 ya yanke adadin wakilai,
24 ne ƙasa, 40 iyaka.

Kano ta cika 40 cif,
Jigawa 30 ta ɗauka.

Kwana 181 a shekara,
Su zauna zaure, ko fiye da haka.

Ƙuduri in ya shigo gabansu,
Tsani uku ne zai taka.

Na fari a ji sunansa kawai,
Na biyu a yi ta musu da baka.

Sai kwamiti ya tafi da shi,
Ya tsefe, ya yanke, ya ɗinka.

Nan ne ake kiran jama'a,
Ka zo ka faɗi ra'ayin naka.

Na uku in sun amince,
Teburin Gwamna zai sauka.

Kwana 30 aka ba Gwamna,
Ya sa hannu ko ya ƙi ɗauka.

In ya ƙi, kashi biyu cikin uku,
Su sake zartarwa, ya zama doka.

Kasafin kuɗi ma sai sun yarda,
Kafin Gwamna ya buɗe jaka.

Sashe na 128 da mai bi masa,
Su kira kwamishina ya warware harka.

Kwatar da ta toshe a unguwarku,
Ko tana kasafi? Je ka bincika.

In tana ciki ba a yi ta ba,
Nan ne za ka riƙe wakilinka.

Mai Shayin Bakin Tasha:

Baba na gode da karatu,
Amma fa yunwa ba ta jin doka.

Sashe-sashen nan da ka lissafa,
Wanne zan ba uwargida ta girka?

Malamar Firamare:

Malam mai shayi, ka ba ni dariya, amma ba zan bar ka ka tsere da wannan ba. Ni da ƙwar biyar na saba, da ita zan amsa.

Malam mai shayi ka saurara mana,
Ni ma talaka ce a gidana,
Alli da allo su ne abincina,
Amma akwai abin da na gani da idona,
Da ya fi ƙarfin ƙullin taliya.

Yayata ta auri ɗan baffanmu,
Aka sha biki duk danginmu,
Ba wanda ya san jinin jikinmu,
Sai da 'ya'ya suka zo hannunmu,
Biyu da sikila, babu lafiya.

Sanyi na kamawa sai asibiti,
Ƙarin jini, allura, yankan kati,
An sai da akuya, an rufe kanti,
Uwa na hawaye a bakin titi,
Wa ya isa ya rarrashi zuciya?

Dokar gwaji ta fito daga zaure,
Mayun 2024 aka sa hannu ta ɗore,
Kano ta ce kafin a ɗaura aure,
A gwada jini, kada ango ya tsere,
Ita ma amarya ta je, ba kunya.

Gwajin sikila da na ciwon hanta,
Da ƙanjamau, duka an lissafta,
Da dokar nan ta riski yayata,
Da an san komai tun kan a kai ta,
Wannan fa ya wuce haƙa rijiya.

Sai dai Honarabul, ina da ƙorafi,
Ajinmu iska ta yaye rufi,
Yara a ƙasa, rana da zafi,
In kwamitin ilimi ya zo da ƙarfi,
Ya leƙa ajin da ke can baya.

Don duk sanda baƙi za su zo, ajin gaba ake sharewa a jera benci a nuna musu. Namu na baya ko ƙofa babu.

Ɗalibin Jami'a:

Baba, Malama, a gafarce ni,
Yaro zai faɗi abin da ya karanta.

Abin da Baba ya faɗa na littafi ne,
Tsakaninsa da fili akwai rata.

Majalisun jiha a ƙasar nan,
Yawanci 'yan amshin shata.

In ƙuduri na gidan gwamnati ne,
Ba ya tafiya a ƙasa, sai a mota.

2019 aka ƙara masarautu,
Majalisa ce ta rubuta.

Bichi da Rano, Gaya, Ƙaraye,
Huɗu ke nan aka kafa wa tuta.

23 ga Mayun 2024,
Majalisa ta dawo ta warware ta.

Ranar da ta zartar aka sa hannu,
Babu batun a bari ta huta.

Ni ba ruwana da wa ya yi daidai,
Saurin nake so ku fahimta.

Ƙudurin da zai gyara asibiti,
Ko kwatar Yaya, ko makaranta,

Shi ne ke kwana wurin kwamiti,
Ƙura ta rufe shi har a manta.

2018 an rage shekarun takara,
25 ta isa ka fita.

Bana na cika, kuma ina da niyya,
Sai dai kuɗin fom, ga rashin gata.

Sashe na 110 ya ba mu kiranye,
Fiye da rabin masu rajista,

Su sa hannu, INEC ta tantance,
A kaɗa ƙuri'a ta tabbata.

Amma wa zai haɗa kan mazaɓar
Da taliya ke iya raba ta?

Yaron Gidan Honarabul:

Ɗalibi ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Bari in cire hular yaron gida, in yi magana a matsayin ɗan unguwa. Allah ya sa maigida bai gani ba.

Tunda an zo wajen gaskiya,
Bari in ajiye muku naku.

Mun kira taron jin ra'ayi,
Muka aika har ƙofar gidanku.

Kujeru muka jera reras,
Farkon zuwa, mutum uku.

Da aka ji za a ba da na mota,
Sai ga zaure ya cika da ku.

Ba wanda ya tambayi kasafi,
“A sallame mu” ne a bakinku.

Wanda ya riga maigida kujerar,
Ya sha magana a zaure dominku.

Bai iya rabon atamfa ba,
Kuka kayar da shi da hannunku.

Maigida ya ga yadda ta kaya,
Ya ɗauki darasi a wurinku.

Daliget sun karɓa tun fidda gwani,
Bashi ya ci kan ya iso gare ku.

Ga masu anguwa, ga sojojin baka,
Kowa da kasonsa kafin naku.

Mutumin da ake bin sa bashi da safe,
Da yamma yana rabon kuɗin sunanku,

Yaushe zai zauna ya karanta ƙuduri?
Lokacinsa ya ƙare a layinku.

Malamar Firamare:

Ƙanena, taron nan na ji shi,
Talata da hantsi, a otal ɗinku.

Ina aji, mai shayi na tebur,
Manomi na gona, wa zai zo muku?

Sai wanda ba shi da abin yi,
Shi ne mai jiran na motarku.

Takardar da aka raba duk Turanci,
Gwaggo ta naɗe ƙosai da takardunku.

Mata kuma aka tura mu lungu,
Lasifikar na yawo a tsakaninku.

Baba Tsohon Akawu:

'Yata, batun ƙosai ya kusa sa in shaƙe da ruwa. Ɗalibi kuma ban musa maka ba, na ga ƙudurin da ya shiga da safe ya fita kafin azahar, na ga wanda ya tsufa a durowa tare da ni.

'Yata kin taɓo batun harshe,
Sashe na 97 ya yi zancen haka.

Turanci ne harshen zamansu,
Amma bai rufe ƙofa duka.

In zaure ya amince da ƙuduri,
Harshen jiha ma sai a ɗauka.

To in a zaure an yarda da Hausa,
Me ya hana ta a taron ƙauyenka?

Kai kuma yaron gida, burtsatsen nan,
Da hoton maigida da huluna da tuta haka,

In daga kasafi aka fitar da kuɗin,
Kuɗin mai shayi ne, da naka.

Kada a rubuta “ya taimaka mana”,
Mutum ba ya yi maka kyautar kayanka.

Mai Shayin Bakin Tasha:

To, na ji. Goron suna na yafe, yaron ma har ya fara rarrafe. Na koma amsa-amona na farko.

Yaron gida, kai wa maigida saƙo,
Ka ce ban ce ya kawo buhu ba.

Asabar bayan la'asar ya zo,
Lokacin da ba a cika ciniki ba.

Bencina na ɗaukar mutum goma,
Na maƙwabci ma bai hana aro ba.

Ya zo da takardar kasafin bana,
Baba ya fassara abin da ban gane ba.

In ga ko kwatata na cikinta,
Ko ba a taɓa rubuta ta ba.

Malama ta zo da hoton ajinta,
Na bayan, wanda ba a share ba.

Ta taho da matan unguwarsu,
A gaba za su zauna, ba lungu ba.

Ɗalibi ya tambaye shi ƙuduri nawa
Ya kai zaure, don ni ban ji ba.

Yaron Gidan Honarabul:

Yaya zan kai saƙo da daren nan,
Amma ban yi maka alkawari ba.

In ya ce zai zo, zan kira ka,
Lambarka dai ban goge ba.

Abu ɗaya, shayin wa zai biya?
Don ban ji ka ambaci wannan ba.

Mai Shayin Bakin Tasha:

Kowa ya sha ya biya nasa,
Ban ce Honarabul ya biya wa kowa ba.

Shi kuma ya taho da canji,
Na wancan zuwan ma bai biya ba.