Wa zai gyara min bishiyar matsala kafin intabiyu?

Auta: Salamu alaikum mutanen zaure. Don Allah ina neman shawara, saura sati biyu in shiga intabiyu da wani kamfanin ba da shawara, irin wanda za a ɗora maka matsalar wani kamfani a ce warware ta a gabansu, wato kes. Wancan karon da na je wani wuri faɗuwa na yi warwas. Mutumin ya ce wani kamfanin jiragen sama ne ribarsa ta ragu, me ya jawo kuma me za a yi, ni kuwa na zaro abin da na haddace, kwastoma, kamfani, abokan gasa, haja, na zana akwatuna huɗu ina ta jin daɗi, yana leƙa takardar sai ya ce to da wanne za ka fara kuma don me? Wallahi kaina ya ɗaure, bakin biro kawai nake ta kallo. Wai ya ake gina bishiyar matsalar nan ne, zanen da ake rarraba matsala zuwa rassa?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam Auta. Ai kai ba bishiya ka zana ba, jerin sunaye ka rubuta. Bishiya daga tambayar da aka yi maka take tsirowa. Kwantar da takardarka, ka rubuta tambayar a gefen hagu, me ya sa riba ta ragu, sai rassa su tafi dama. Mece ce riba? Kuɗin shiga ne a cire kuɗin da aka kashe, ka ga rassa biyu kenan kuma babu na uku. Kuɗin shiga ka sake raba shi, yawan abin da aka sayar sau farashi. Kuɗin kashewa ma biyu, wanda yake tsaye ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da wanda yake hawa da sauka tare da ciniki. Kowane reshe tambaya ce da za a iya amsa ta da lamba, akwatinka mai suna “kwastoma” kuwa me yake tambaya? Ba komai.

Anti: Ƙanina kafin ka yi nisa riƙe ƙa'idar MECE, ita ce ƙashin bayan abin. Sharaɗi biyu ne, kada rassa su shiga juna, kuma idan an haɗa su kada a bar komai a waje. Barbara Minto ake danganta wa, ta shiga kamfanin ba da shawara na McKinsey a 1963, kuma ita “mis” take furta kalmar, sauran jama'a suka mayar da ita “misi”. Misali ka raba fasinjoji ka ce masu tafiyar aiki, masu yawon shaƙatawa, da masu sayen tikiti ta intanet, to ka yi kwaɓa, domin mai tafiyar aiki ma ta intanet yake saya, ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Ka zaɓi ma'auni ɗaya a kowane mataki, ko dalilin tafiya ko hanyar saye, kar ka cakuɗa su.

Auta: Na gode Anti. To amma ya zan san ban bar wani abu a waje ba? Nan ne tsorona.

Anti: Hanya mafi sauƙi lissafi, in rassan suka haɗu suka ba da jimilla to babu abin da ya zube. In lissafi bai shiga ba sai ka bi matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, ko kishiyoyi, na cikin kamfani da na waje, sabon kwastoma da tsoho. Wani lokacin ka ƙara reshe ka kira shi “sauran”, ba laifi ba ne, muddin ba a cikinsa giwar take ɓoye ba.

Injiniya: Ni fa ina da ja kaɗan Yaya. Waɗancan tsare-tsaren da Auta ya haddace ba shara ba ne. Na kwastoma da kamfani da abokan gasa na Kenichi Ohmae ne, ɗan Japan, tun 1982, ga ƙarfafa biyar masu auna zafin gasa a kasuwa na Michael Porter na 1979, duk ana koyar da su a makarantun kasuwanci. Idan aka ce maka kamfani na son shiga sabuwar kasuwa ai bishiyar riba kaɗai ba za ta fisshe ka ba.

Yaya Babba: Ban ce shara ba ne Injiniya, na ce dai kada a sa wa matsala rigar aro. Ka karanta su don ka san inda ake leƙawa, amma ranar intabiyu masu tambayar sun ga akwatunan nan huɗu sun fi a ƙirga, suna ganinsu sun san hadda ce. Shiga kasuwa ma bishiyarta daban, kasuwar tana da tsoka? za mu iya kwasar rabo a ciki? ribar za ta mayar da jarin? muna da ƙarfin yi? Ka ga duk tambayoyi ne masu amsar e ko a'a, in ɗaya ta faɗi maganar ta mutu.

Injiniya: To a nan mun haɗu. Abin da zan ƙara, bishiya iri biyu ce kuma mutane na rikita su, akwai ta “me ya sa” mai tono sanadi, akwai ta “ta yaya” mai nemo mafita. Auta an tambaye ka abu biyu a kes ɗinka, sai ka gama da ta farko ka gano inda ciwon yake kafin ka fara rubuta magani.

Akanta: Bari in shigo da lambobi don ni a nan nake kama mutane. Ɗauki jirgin nan naka Auta, misali ne kawai. Kujeru 200, da ana cika kashi 80 cikin 100, fasinja 160 kenan, yanzu ya koma kashi 60, fasinja 120. Kuɗin tikiti bai motsa ba amma kuɗin shiga na wannan tashin ya faɗi da kashi 25, alhali jirgin zai sha mai kusan yadda ya saba, matuƙa da ma'aikata albashinsu na nan, hayar jirgi na nan, kuɗin sauka a filin jirgi na nan, shi ya sa a harkar jirgi kujerar da ta tashi babu kowa a kanta asara ce da ba ta dawowa. To da bishiyarka ta ce kuɗin shiga shi ne yawan tashi sau kujeru sau kason cikawa sau kuɗin tikiti, tambaya ɗaya za ka yi ka cafke matsalar. Abin da suke nema kenan, bishiyar ta yi ƙamshin sana'ar da ake magana a kai, ba wadda za a iya mannawa a kan banki ko asibiti ta zauna daidai ba.

Auta: Kai Akanta, Allah ya ƙara basira. To maganar da wanne zan fara fa? Ita ce ta kashe ni.

Yaya Babba: Hasashe za ka yi ka faɗe shi da bakinka. Ka ce ranka ya daɗe ina zargin ɓangaren kashewa, musamman mai, saboda yana cikin manyan kuɗaɗen da kamfanin jirgi ke kashewa kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, ko akwai alƙaluma? In ya ce kashewa bai canza ba sai ka ja layi ka soke reshen a gabansa ka koma ɗayan. Ba a hukunta ka don hasashenka bai ci ba, ana hukunta ka ne in ka tsaya kana jira a ja ka da igiya. Kuma kada ka ce sai ka bi kowane ganye, lokaci ba zai isa ba, ka nemi reshen da ya fi nauyi.

Anti: Sannan ka san salon gidan da za ka. Galibi a McKinsey mai tambaya ne ke jan ragama, shi zai ce yanzu duba wannan, a BCG, wani kamfanin ba da shawarar, kuwa an fi sakar maka ka ja da kanka. Ko ina ne dai ka fara maimaita tambayar, ka tabbatar da abin da mai kamfanin ke so, ka roƙi minti ɗaya zuwa biyu ka zana. Rassa biyu zuwa huɗu a matakin farko sun isa, zurfi mataki biyu ko uku. In gaba da gaba ne ka juya masa takardar, in ta bidiyo ne ka ƙirga da baki, na ɗaya, na biyu, daga sama zuwa ƙasa, kar ka fara da ganye.

Injiniya: Atisaye kuma kar ka yi ta karatu kai kaɗai. Kullum ka ɗauki kanun labarin kasuwanci guda ɗaya, ka sa agogo minti biyu, ka zana, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, za ka ji kunyar kanka ranar farko amma haka ake yi. Ka samu aboki ku riƙa ba juna kes, wanda zai katse ka ba mai cewa ka yi ƙoƙari ba.

Auta: To ga abin da na sake zanawa yanzun nan. Riba, sai kuɗin shiga da kashewa. Kuɗin shiga, tashi sau kujeru sau cikawa sau tikiti. Kashewa, mai, albashi, hayar jirgi, gyara, kuɗin filin jirgi, sauran. Ya kuka gani?

Akanta: Ya fi na ɗazu nesa ba kusa ba. Amma jirgin naka fasinja kaɗai yake ɗauka? Ina kuɗin dakon kaya, ina na ƙarin jaka da zaɓen kujera?

Auta: Kash, reshe guda ya zube. Bari in gyara in sake turowa. Yaya in kana da sarari gobe da daddare ka ba ni kes ɗaya ta waya don Allah.

Yaya Babba: Ba damuwa, ƙarfe tara. Ka zo da farar takarda, kuma ba na jirgi zan ba ka ba.