Injin Hilux ɗina ya ƙone, in mayar da 2TR ko in koma na gas?

Baban Hafsat, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar inji. Ina da Hilux 2010 ta fetur, inji 2TR ne a ciki, giyar hannu. Da ita nake cin abinci, kullum sai na ɗauki kaya daga Dawanau zuwa wajen Bichi da Tsanyawa, da yamma kuma ni ke ɗauko yara daga Islamiyya. Ran Talata a hanyar Katsina tiyon lagireto na ƙasa ya fashe, allurar zafi kuma ta daɗe ba ta motsi ina ta cewa zan gyara, ban ankara ba sai ƙauri naji da tururi ta gefen bonet. Da aka buɗe a gareji tof, wato kan inji, ya lanƙwashe, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, fistin ɗaya ya karce silinda sosai.

Yanzu kaina ya kulle. Bakanikena yace a sayo 2TR ɗan Beljiyam, ƙanina yace tunda aka cire tallafin mai a 2023 ai gara in sa inji 5L na gas, wato dizal, in huta, wani kuma a Ƙofar Ruwa ya nuna min inji 3RZ yace ai shi da 2TR duk lita 2.7 ne kuma ya fi sauƙin kuɗi. Wanne zanyi? Kwana shida kenan motar na ajiye, hayar a-kori-kura nake biya.

Oga mai gyaran Toyota, Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Mayar da abin da ka cire, 2TR. Motar da ake fita da ita kullum ba a yi mata gwaje-gwaje.

Maganar juyawa zuwa gas mutane suna ɗauka inji kawai za a sauke a ɗora wani, alhali kujerar inji sai an yanka an yi walda, bakin giyabos ba lallai ya hau ba, wayarin da birenbos, wato kwamfutar inji, duk sai an canza, a sauke tanki a wanke a cire famfon fetur, a sa filta mai raba ruwa, salansa daban, batir ma sai babba. Ga birki, injin fetur shi da kansa yake ba sabo (servo, tukunyar da ke sa birki laushin takawa) iskar da yake ja, na gas kuwa sai da famfo na musamman, in mai aikin ya yi sakaci a nan ka taka birki kaji shi kamar dutse da kaya a baya. Kafin a gama kuɗin ya wuce inda kake zato, kuma duk ran da ta tsaya maka a ƙauye ba rewayar da zai gane wayoyin sai wanda ya haɗa.

3RZ inji ne mai kyau wallahi ban raina shi ba, shi 2TR ya gada wajen 2004. Amma ba shi da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗe bawul, totur ɗinsa na waya ne naka na lantarki, birenbos ɗinka ba zai karanta shi ba. Kuma ka kula ko a 2TR ɗin akwai iri biyu, na 2015 zuwa sama Dual VVT-i ne, solonoyid biyu zaka gani a gaban tof, naka ɗaya ne. In na Hummer bas aka samo maka ba laifi, bulok ɗaya ne, sai dai a mayar masa da kaskon mai da manifol na tsohon injinka, don haka kar ka bari 'yan gwangwan su ɗauke tsohon tukuna.

Ɗan Maraɗi:
Ni dai bari in kare 5L kaɗan don shi nika tuƙawa shekara da shekaru. Ba turbo, ba wata rigima, ka ba shi gazuwal, gas kenan a wajenku, mai tsabta da filta ya kai ka Agadas ya maido ka. Amma gaskiya guda ce, ba ya gudu, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, 2TR kuwa wajen 160, wanda ya saba da fetur in ya zo wuce tirela zai ji haushi. Kuma bel ɗin taimin gare shi ba cen ba, in ka manta da lokacin canji ya tsinke to bawul sun tafi. Tawa daga kamfani ta zo da shi. In gazuwal kake so malam ka gyara wagga ka saida, ka sayi wadda aka haifa da shi, ka bar yanke-yanke.

Maman Abdul Transport:
Baban Hafsat ka ji maganar Oga, ni inda zan ja kunnenka wajen saye ne don an taɓa cutar mu. Wani mai shago ya sayar mana da inji an wanke shi fes yana ƙyalli yace yanzu aka sauke shi daga kwantena, sati uku ya fara hayaƙi shuɗi yana shan baƙin mai, da aka buɗe ashe na gida ne aka yi wa ringi aka fesa fenti. Tun daga ranar direbana da bakanike tare suke zuwa, a buɗe murfin mai a haska da tocila ko akwai baƙin dasƙare, a cire fulogi huɗun a jera a ƙasa a gani, a sa sifana a juya karanshaf da hannu, in ya yarda a sauke kasko a duba ko akwai garin ƙarfe. Ka duba kan notina ko sifana ta ci su, da jan gam da ya tsattsafo ta gefen gasket, alamar an buɗe ne. Wanda ya hana ka dubawa ka wuce shago na gaba. Garanti kuma a rubuta a rasit da lambar injin, kwana nawa ne kuma daga ranar da aka tada motar zai fara ba ranar da ka biya ba. Rasit ɗin zai maka amfani in zaka gyara lambar inji a takardun mota.

Baban Hafsat, Kano:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya wannan na garanti ban taɓa tunaninsa ba. Na tsaya a 2TR, ƙanina ma ya karanta ya yi shiru. Oga saura tambaya ɗaya, lagireton nawa bai fashe ba tiyo ne kawai, zan iya mayar da shi haka? Aljihu ya yi ƙasa sosai.

Oga mai gyaran Toyota, Panteka:
A'a Alhaji, a kai shi a buɗe a wanke a gwada, in ya toshe a canza. Tiyo sama da ƙasa sabbi, murfin lagireto sabo, a duba wata-famfo da kulocin fanka, kuma kar a cire tamostat ko da an ce maka zafin Kano ne. Kulan zaka zuba ba ruwan rijiya ba. Tunda inji na ƙasa a leƙa faifan kuloci, yanzu ba sai ka biya kuɗin sauke giya ba. Allurar nan kuma ta fara aiki kafin motar ta fita daga gareji. In kun je kasuwa ka ɗauko hoton lambar da ke jikin bulok da gaban tof ka turo in gani kafin ka ba da kuɗi.